Gatari mai baki biyu a tsoffin kuɗin Girkawa: a fara tambayar asali kafin a tambayi farashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wata sha'awa da ba a cika tattauna ta a jaridunmu ba, wato tara tsoffin tsabar kuɗin Girkawa, musamman waɗanda ke ɗauke da hoton gatari mai baki biyu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wasu masu talla a intanet suke jingina kowane irin wannan kuɗi ga tsibirin Kirit na ƙasar Girka, sa'an nan su yi gum kan inda aka samo shi da hannayen da ya biyo, alhali kuwa a nan ne darajarsa take.

Gaskiya ne mutanen Kirit na dā sun girmama wannan gatari. Arthur Evans, wanda ya fara tono a Kunosos, tsohon birnin tsibirin, a 1900, ya tarar da siffarsa a sassaƙe jikin duwatsun fadar, kuma a 1934 an tono ƙananan gatura na zinariya a kogon Arkalokori. Sai dai fadojin tsibirin sun rushe ɗaruruwan shekaru kafin a san tsabar kuɗi, domin sai a ƙarshen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka fara buga ta a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, da wani ƙarfe gamin zinariya da azurfa. Ko da Kunosos ta zo buga nata kuɗin daga baya, gini mai ruɗaɗɗun hanyoyi na tatsuniyar Girkawa ta zaɓa ya zama tambarinta. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da kuɗin zamanin waɗancan fadoji, ko dai bai san abin da ke hannunsa ba, ko kuma ya san shi sarai.

Gidan wannan gatari a fagen kuɗi shi ne Tenedos, ɗan tsibirin da ke kusa da bakin mashigin Dardanel, wanda Turkawa ke kira Bozcaada. Tun wajen shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa mutanensa ke buga azurfa da tsari guda, kuma sun riƙe shi fiye da shekara 400. A gefe ɗaya akwai kai mai fuska biyu da suka haɗa ƙeya, ta namiji mai gemu da ta mace. A ɗaya gefen gatarin yana tsaye, ƙotarsa ta raba filin gida biyu. A manyan sulallan ƙarshen zamanin ana ganin sunan mutanen tsibirin a sama, nonon inabi a gefen ƙota, wata 'yar alama a ɗaya gefen, sa'an nan kambin ganye ya zagaye su duka.

Abin sha'awa shi ne su kansu mutanen dā ba su haɗu kan dalilin hoton ba. An ruwaito daga Aristotal cewa wani sarkin tsibirin ya kafa doka a sare duk wanda aka kama da zina da gatari, da aka kama ɗansa kuma ya ce hukunci ya hau kansa, don haka aka sa gatari da kawuna biyu a kuɗin. Fausaniyas, marubucin ƙarni na 2 miladiyya, ya kawo wani labarin dabam: mahaifin Tenes, gwarzon da tsibirin ya ci sunansa, ya yarda da ƙazafin da matarsa ta yi wa yaron, ya sa shi a akwati ya jefa teku, ruwa ya kai shi tsibirin, da gaskiya ta bayyana uban ya zo neman gafara, amma Tenes ya sa gatari ya datse igiyar jirginsa. Fulutak kuwa, wani marubucin Girka na dā, cewa ya yi ƙaguwar wani wuri a tsibirin tana da zanen gatari a bayanta. A ganina, yawan labaran shi ne shaidar cewa hoton ya girme su, an ƙirƙiro su ne don bayyana abin da aka riga aka gada. Masanan da suka zo daga baya sun fi karkata ga addinin mutanen, wasu suna ganin fuskokin na Zeyus da Hera ne, manyan abubuwan bautar Girkawa, wasu kuma suna danganta gatarin da Diyonisus, abin bautarsu na inabi da giya, saboda inabin da ke gefensa.

A Kariya, can kudu maso yammacin Turkiyya, ma'anar a fili take. Gatarin makamin abin bautarsu ne, Zeyus na Labaranda, wanda wurin bautarsa ke kan tsauni arewa da Milasa, garin Milas na yanzu. Gidan Hekatomnus, waɗanda suka yi wa Farisa gwamna a yankin, sun sa shi a kuɗinsu yana tsaye, gatari a kafaɗa, dogon mashi a ɗaya hannun. Mausolus, wanda ya yi mulki daga 377 zuwa 353 kafin haihuwar Annabi Isa kuma kabarinsa a Halikarnasus ya shiga cikin abubuwan al'ajabi bakwai na dā, ya sa fuskar Afolo, wani abin bautar Girkawa, tana kallon mai kallo a ɗaya gefen, ƙannensa Idiriyus da Fiksodarus kuma suka bi sawunsa har dab da zuwan Iskandar na Masedoniya a 334. Su Kariyawa ne, suna mulki da sunan sarkin Farisa, suna rubutu da haruffan Girka, kuma duk wannan yana kan azurfar da ba ta cika tafin hannu ba.

Ana kuma samun gatarin a tagullar Tiyatira da ta Afrodisiyas, garuruwa biyu a yammacin Turkiyya ta yau, da kuɗin wasu sarakunan Tirakiya, yankin da ke arewa maso gabashin Girka, irin su Amatokos, kowanne da nasa dalilin. Waɗannan sun fi sauƙin samu ga mai farawa.

Sanin garin da ya buga kuɗin shi ne kariya ta farko daga jabu, domin ba ma'auni ɗaya garuruwan suka bi ba. Babban sule mai dirakma 4 (dirakma ma'aunin kuɗin Girkawa ne) a ma'aunin birnin Atina yana kai giram 17 da ɗan ɗoriya, amma na Mausolus bai wuce wajen giram 15 ba, don gidansu wani ma'aunin suka bi. Wanda bai san haka ba zai iya ƙin na gaske ya ce an rage shi, ko ya rungumi na ƙarya don ya ji shi da nauyi. Haka nan hanyar ƙira: da hannu ake bugawa, a ɗora gutsuren ƙarfe a kan hatimin da aka kafe a uwar maƙera, a aza wani hatimin a sama a doka da guduma. Shi ya sa na gaske yakan karkace, gefensa ya ɗan tsage, hoton ya zame daga tsakiya. Na zubi kuwa yakan zo da layin haɗi a gefe, da ƙananan ramuka na kumfa, zanen kuma ya yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Amma kada a sakankance, domin ƙwararrun masu jabu irin su Carl Wilhelm Becker, Bajamushen da ya mutu a 1830, hatimi suke sassaƙawa su buga da guduma, kuma aikinsu ya ruɗi manyan masu tarawa.

Matsalar da ta fi jabu nauyi ita ce ta kuɗin gaske da aka haƙo ba bisa ƙa'ida ba. Kusan duk garuruwan da na ambata suna cikin Turkiyya ne, kuma dokar ƙasar mai lamba 2863 ta 1983 ta mayar da kayan tarihin da aka samu a ƙasa mallakar gwamnati, ta kuma hana fitar da su. Girka ma ta kafa irinta, mai lamba 3028, a 2002. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce ta sa gidajen tarihi da yawa suka ɗauki wannan shekara a matsayin iyaka: abin da ba a iya nuna cewa ya bar ƙasarsa kafin lokacin ko da izini ba, sai su janye hannu. Taskar Elmali misali ce. A 1984 aka tono ta a ɓoye a kudancin Turkiyya, kusan sulalla 1,900 na azurfa, aka yi fasa-ƙwaurinta zuwa waje, kuma bayan doguwar shari'a a Amurka aka mayar da fiye da 1,600 a 1999. Waɗanda suka saya sun yi asara, amma asarar masu bincike ta fi, domin da zarar an watsa taska ba tare da an rubuta inda take da abin da ke tare da ita ba, an rasa hanyar da ake bi a gane shekarun kuɗi da iyakar inda suka yi yawo.

Ban ce a daina tarawa ba, domin akwai sulalla masu yawa da suka daɗe suna yawo a hannun masu tarawa ta halastacciyar hanya, kuma da irin waɗannan tarin aka gina ilimin fannin. Abin da nake kira gare shi shi ne mai saye ya nemi shaida a rubuce: kundin tsohon gwanjo mai hoton wannan sulen kansa, wanda za a iya gane shi ta tsagar gefensa da karkacewar bugunsa, ko 'yar takardar da mai shi na dā ya rubuta nauyi da ranar saye, ko izinin fitarwa. Kalmar "daga tsohon tari" ba tare da suna ko shekara ba ba hujja ba ce. In an samu takardun a ajiye su tare da kuɗin, kada kuma a goge shi don ya yi ƙyalli, domin duhun da shekaru suka sa wa azurfa da koren da ya kwanta wa tagulla suna cikin abin da ake dubawa a tabbatar cewa sulen da ke hannu shi ne wanda ke cikin hoton.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka