A bar tsofaffin bindigogin Lee-Enfield yadda suke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana kan wata muhawara da ta daɗe tsakanin maharba da masu adana kayan tarihi a Amurka da Kanada da Ostareliya: shin a gyara tsohuwar bindigar soja don farauta, ko a bar ta yadda take? Mu ma ta shafe mu, domin bindigar da ake takaddama a kanta, Lee-Enfield mai cin harsashin .303, ita ce 'yan mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka saɓa a yaƙin Bama.

Bayan 1945 an yi ta gwanjon waɗannan bindigogi da araha. Maharbi ya saya, ya ga kilo 4 ya yi masa nauyi a daji, sai ya sa zarto ya datse katakon gaba, ya cire na sama, ya huda ƙarfen ya ɗaura madubin hange. Hujjarsu ita ce an ƙera miliyoyi, ɗaya ba za ta rage komai ba. A wancan zamanin maganar na da ƙamshin gaskiya. Yau kuwa waɗanda ba a taɓa ba sun yi ƙaranci.

Sau da yawa ma gyaran ɓarna ne. Samfurin No. 4, wanda aka fara ba sojan Ingila a 1941, an tsara shi ne ƙarshen katakon gaba ya riƙa ɗan tokare bututun daga ƙasa. Da an datse shi, saiti na iya rikicewa. Ramin da aka huda a ƙarfe kuma ko an cike shi tabon yana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne mai gyara da kyakkyawar niyya. Samfefa na yin ɓarnar da ta kai ta zarto. A jikin ƙota da ƙarfe akwai tambarin kibiya na gwamnatin Ingila, da shekarar ƙira, da alamar masana'anta, ko Fazakerley ta Ingila ko Long Branch ta Kanada ko Ishapore ta Indiya. Lambar sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ya kamata ta yi daidai da ta gangar jiki. A goge waɗannan, a shafa banish don ta yi ƙyalli, shi ke nan an shafe asalinta.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa .303 cikin bindigogin soja da aka haramta, don haka a nan maganar ta gidajen tarihi ce irin na yaƙi da ke Umuahia. Ga masu kula da su: tsohon harsashi na barin gishiri a cikin bututu, gishirin ya ja laima, tsatsa ta ci daga ciki alhali waje na sheƙi, shi ya sa sojan da ke zuba tafasasshen ruwa a ciki bayan harbi. Katako man linsid kaɗan yake so, a goge rarar. Ban da baƙin mai, yana ruɓar da shi. Ƙarfe a shafa masa kaki siriri, a riƙe da safar hannu, kada a bar shi cikin kube na fata. Laimar ɗaki ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 50 cikin 100, saboda hunturu na tsaga katako, damina na kawo tsatsa, ga kuma gara.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya