Wasiƙa daga Jidda kan injin wankin Umma

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya gaba ɗaya. Ya jikin Baba, ya kuma ciwon bayan Umma? Saƙonka ya iso, har da hoton injin wankin da ka gani a shago, mai zagayayyar ƙofar gilashi a gaba. Ba shakka yana da kyau, amma don Allah ka dakata da biyan kuɗinsa. Abin da muke nema shi ne Umma ta huta da durƙuso a gaban baho, kuma a yadda wuta da ruwan gidanmu suke, wannan injin zai fi daɗewa lulluɓe da zani fiye da yana aiki. Gyaran irinsu ne sana'ata a nan, shi ya sa nake so ka karanta wannan a tsanake kafin ka shiga kasuwar Sabon Gari.

Mai ƙofa a gaba ya fi kowanne iya wanki, ya fi tausaya wa tufafi, kuma ruwan da yake sha bai wuce lita 40 zuwa 60 a wanki ɗaya ba, wato jarka biyu da ɗan ɗori. Sai dai yana da sharuɗɗa. Na farko, shi ke ɗibar ruwansa da kansa ta wani ɗan bawul da wuta ke buɗewa, kuma bawul ɗin yana buƙatar ruwa mai ƙarfi. Yawancinsu sai tanki ya ɗara injin tsawo da kamar mita 5 kafin ruwa ya shiga yadda ya kamata. Tankinmu kuwa a kan ɗan dakali yake, sau da yawa ma 'yan garuwa ne ke cika shi. Injin zai yi ta jira, ya gaji, ya nuna alamar matsala ya tsaya. Na biyu, wankinsa yana cin awa ɗaya zuwa biyu, wani tsarin ma ya fi haka. In aka ɗauke wuta a tsakiya, sau da yawa ƙofar a kulle take, kaya na ciki cikin ruwan sabulu har sai kamfanin wuta na KEDCO ya waiwayo ku. Na uku, yana da abin dafa ruwa a ciki mai jan kusan wat 2,000, ƙaramin janaretanmu ba zai ɗauka ba. Uwa uba, ƙwaƙwalwarsa wani allo ne na lantarki, kuma wutar da ke hawa da sauka ita ce ajalinsa. In ya ƙone ba a cika gyara shi ba sai dai a sauya, da tsada, wani lokacin ma a neme shi a rasa.

Mai buɗewa ta sama da ke yin komai da kansa shi ma yana da wannan allon da wannan bawul, ga shan ruwa, yakan haura lita 100. Ka bar shi.

Wanda nake so ka saya shi ne mai baho biyu, ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa. Da bokiti ake zuba masa ruwa, ko da tiyo. Agogonsa na murɗawa ne da hannu, iyakarsa minti 15. Moton wankin yana jan wat 300 zuwa 400, na matsewa bai kai haka ba, don haka janareta ko inbata mai ɗan ƙarfi za su riƙe shi, muddin an kashe firji da dutsen guga, domin moto yana fizgar wuta ninki biyu ko uku a lokacin tashi. In wuta ta tafi, sai a ɗaga murfi a kwashe kaya. Ruwa ɗaya kuma yana iya yin zubi uku: a fara da farare, a bi da masu launi, a ƙare da masu duhu da kayan aiki. Aibinsa ɗaya, sai mutum ya tsaya a kansa yana ɗauke kaya daga wannan baho zuwa wancan. Wannan Auta za ta iya, Umma tana zaune tana ba da umarni.

Mutum huɗu ne a gidan, saboda haka mai kilo 7 ko 8 ya isa. Kilon da suke rubutawa nauyin busassun kaya ne, kuma ko shi kada a cika. A tsaya a kashi biyu cikin uku, yadda kaya za su riƙa juyawa a sake. Masu shago za su tura ka ga mai kilo 12 da sunan wankin bargo. Babban bargo in ya sha ruwa nauyinsa yana galabaitar da bel da moto ko a babban injin ne, gara a ci gaba da kai shi wajen masu wanki.

Maganar suna kuma, LG, Samsung, Hisense, Haier Thermocool, Scanfrost da Nexus duk ana samunsu a Kano, kuma ban ce lallai sai wane ba. Kafin ka je shago, ka fara biyawa ta wajen mai gyara, ka tambaye shi wanne ne kayan gyaransa ke nan a kasuwa yau: bel, kafasita (ɗan abin da ke tayar da moto), agogo, moton matsewa da robar da ke tare ruwa. Wanda ya ambata ba tare da dogon tunani ba, shi za ka ɗauka. Ka karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shago da lambar injin a rubuce, ka tambaya garantin na moto ne kaɗai ko na injin duka.

Ka ce ko in aiko da ɗaya daga nan. A'a. Wutar Saudiyya bugunta 60 ne a daƙiƙa, ta gida 50. Moton da aka yi don 60 kaɗai in ya je gida zai rage gudu, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. Na gwanjo ma ka kiyaye: na Amurka wutar 120 ake yi musu, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Ka leƙa takardar da ke manne a bayan injin, ka tabbata an rubuta 220 zuwa 240V da 50Hz, wato bugu 50 ɗin nan.

A shagon ka sa su jona shi a gabanka. Faifan da ke ƙasan bahon wanki ya juya dama, ya ɗan tsaya, ya juya hagu, ba tare da ƙara ba. A kunna na matsewa, ka ɗaga murfin yana cikin gudu. Dole birki ya kama ya tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Wannan kada ka yi wasa da shi, saboda hannun jikoki. Ka zaɓi mai jikin roba mai kauri, ba ya tsatsa, kuma ka leƙa ƙarƙashinsa ko akwai marfin da ke hana ɓera shiga, domin ɓeraye suna son cin wayoyin ciki.

In an kawo shi gida, a ajiye shi a inuwa, rana tana busar da roba har ta tsage. A ɗora shi a kan dakali mai tsawon taƙi ɗaya, shimfiɗaɗɗe sosai, domin yawancin irinsa ba su da famfon fitar da ruwa, gangarowa yake yi da kansa, tiyon fita kuma dole ya kwanta ƙasa da injin. A sa masa soket nasa mai baki uku, sama da inda ruwa ke fallatsa, mai wayar ƙasa ta gaske. Ka kira mai wayarin ya gwada, domin jiƙaƙƙen hannu ne zai riƙa taɓa shi. In wuta ta yi ƙasa har fanka na jan jiki, kada a kunna, ko kuma a haɗa shi da sitabilaiza.

Abin da ya fi kashe wannan injin shi ne ɓangaren matsewa. A ƙarƙashin bahon akwai wata roba da ke hana ruwa sauka kan moto. In ana jefa kaya a gefe ɗaya, bahon zai riƙa dukan bango yana jijjiga, robar ta yage, ruwa ya riƙa ɗiga a kan moto har ya ƙone. Don haka a jera kaya daidai, masu nauyi a ƙasa, a danna su, a ɗora ɗan faifan robar nan da ke zuwa da injin a sama. Kada a yar da shi, ba kwali ba ne. Minti 3 zuwa 5 ya isa, ranar Kano za ta ƙarasa sauran. In kun ji moto yana gurnani amma bai juya ba, a kashe nan take; galibi kafasita ce, kuma mai araha ce. In moto na gudu faifai bai motsa ba, bel ne ya saki. In baho ya ƙi riƙe ruwa, tsabar kuɗi ko fil ne ya maƙale a bawul ɗin fita, shi ya sa ake lalube aljihu kafin a zuba kaya.

Ka gaya wa Umma shaddar Baba mai aiki a juya ta bai-bai, minti 5 kawai, ita kaɗai a ruwan sanyi. Huluna kada su shiga ko kusa. Hijabai a ɗaure igiyoyinsu don kada su nannaɗe sauran kaya, sabuwar atamfa kuma a ware ta har ta daina zuba. Garin sabulu a narkar da shi a ruwa tukuna, 'yar ragar da ke tare zare a wanke ta bayan kowane wanki.

Abin da ya rage a kuɗin a yi dakalin da soket da shi. Ka turo mini hoton takardar bayan injin kafin ka biya. A gaida Baba da Umma da kyau, a ce ina neman addu'a, a gaida Anti da yara da Auta.

Naka,
ƙaninka