A koya wa yaranmu awo kafin a ɗora musu kemistiri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malaman kimiyya da shugabannin makarantun sakandare a nan Kano. Duk shekarar da sakamakon WAEC da NECO ya fito sai ka ji ana cewa kemistiri ya kayar da yara. Ni da nake koyar da shi, abin da nake gani yana kayar da su awo ne da ɗan lissafin da ke biye da shi.

Ga buret, dogon bututun gilashin nan da ake zuba asid a ciki ranar gwajin aiki da hannu. Sifirinsa a sama yake, lambobin ƙasa suke gangarawa. Yaron da bai taɓa riƙe shi ba sai ya ƙirgo daga ƙasa, ruwa na kan 23.40 ya rubuta 24.60. Wani kuma a tsaye zai leƙo, alhali sai ya sunkuya idonsa ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar da saman ruwan ya yi. Daga nan duk lissafin da ya biyo baya ya tashi a banza, komai haddarsa.

Sai batun ma'auni, wanda ya fi ci mini rai. Fifet, siririn bututun gilashin da ake ɗibar ruwa da shi daidai awo, yana ɗaukar 25 cm³, sai an raba da 1000 ya koma 0.025 dm³, wato lita 0.025. Yaro ya manta, amsarsa ta ninka sau dubu, ko a jikinsa, tunda kalkuleta ce ta faɗa. Wasu kuma lamba tsirara suke ajiyewa. A kasuwar Dawanau wa zai ce a ba shi gero goma ya yi shiru? Dole a tambaye shi, mudu ko buhu?

Da yawansu za su rattabo maka 6.02 × 10²³ ba tuntuɓe, wato yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, ma'aunin da ake ƙirga sinadari da shi. Amma ka ce su haɗa ruwan kostik soda, wadda iyayenmu mata masu sabulu suka sani sarai, sai a yi tsit. Mol ɗaya na kostik soda giram 40 ne: sodiyam 23, oksijin 16, haidirojin 1. Giram 4 a narka a cika zuwa lita ɗaya, an sami 0.1 mol/dm³. Iyakarta ke nan fa.

Roƙona, a ware makonnin farko na SS1 don awo zalla. Ba sai an sayi sinadari ba, ruwan famfo ya isa. Sirinji daga kemis yana da zanen mililita, ledar fiya wata 50 cl ce, wato 500 cm³, kuma mililita ɗaya na ruwa kusan giram ɗaya yake a sikeli. Shugabannin da ke kulle buret da fifet a sito don tsoron kada a fasa, sai saura mako guda jarrabawa a fito da su, don Allah su ba malamai makullin tun zangon farko.

Wassalam.

Wani malamin kemistiri,
Gwale, Kano