Kada ka sayo wa Hajiya akwatin dala 200

Jekadafari, Gombe

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, ya zaman Amurka? Mu nan damina ta zauna, an gode Allah. Na leƙa gidanku ranar Juma'a, Hajiya tana lafiya ƙalau, ƙafar ma ta yi sauƙi.

Na ga saƙonka kan akwatin kallo ta intanet da kake son aiko mata, da hotunan biyun da ka turo, Apple TV 4K da Nvidia Shield TV Pro. Ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta: kada ka sayi ko ɗaya. Duka biyun na'urori ne masu nagarta, ban musa ba. Shield ɗin tun na 2019 ne amma har yau ana yabonsa, kuma kamfanin ya daɗe yana sabunta masa manhaja. Sai dai dala 200 da za ka zuba a kansa, ko dala 129 na Apple, kuɗin hoton 4K ne, wato hoton da ya fi fitowa tar, da sautin silima da ƙarfin wasannin gem. Talabijin ɗin falon Hajiya inci 32 ce, ba ta san 4K ba. Duk ƙarfin akwatin, abin da allon zai iya nunawa shi za ta gani.

Ko da ka haɗo da sabuwar talabijin, data za ta tsayar da kai. Netflix da kansu sun ce kallon sa'a ɗaya a 4K yana iya cin gigabait 7, a HD kusan 3, a ƙaramin hoto kuwa kamar 1. Kuma suna son gudun intanet ya kai megabit 15 kafin 4K ya tafi sumul. Kai a can intanet ɗinka na waya ne da aka ja har cikin gida, ba ka ƙirga abin da ka sha. Mu nan sabis na MiFi ne ko na wayar hannu, da magariba kowa ya hau sai ya yi nauyi. Ka tuna watan azumi ma, Hajiya za ta kunna tafsiri a YouTube tun la'asar, bayan tarawihi jikoki su karɓi rimot. Datar wata guda ba za ta ga mako biyu ba.

To amma kada jin haka ya sa ka ce in shiga kasuwa in ɗauko mata irin baƙaƙen akwatunan nan marasa suna, masu rubutun MXQ ko T95 a kwali. A nan ne na fi damuwa, domin su ne suka cika gari, kuma mai shago zai rantse maka tashoshin duniya duk suna ciki kyauta. Araha ba ta ado. Da yawansu abin da aka rubuta a kwalin na girman ma'adana ba shi ne a ciki ba. Ba su da lasisin da ake kira Widevine L1, saboda haka ko ka biya Netflix kuɗin HD, hoto dishi-dishi za su ba ka. Android ɗin da ke cikinsu sau da yawa na waya ne aka ɗora, shi ya sa rimot ba ya iya shiga wasu wurare. Suna zafi, suna sandarewa, ba wanda zai sabunta su.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, a 2023 masu binciken tsaron intanet sun gano akwatunan T95 da aka sayar da muguwar manhaja a cikinsu tun daga kwali, kuma a 2025 hukumar FBI ta nan ƙasar da kake ta fitar da gargaɗi kan irin waɗannan na'urori. Akwatin yana zaune a falo yana amfani da intanet ɗin gida wajen ayyukan wasu ɓata-gari, yana shan data ba a sani ba. Ƙannenka da wannan MiFi ɗin suke shiga banki a waya. Wallahi ba zan sa hannuna a kai irin wannan gidanku ba.

Shawarata ka tsaya a tsakiya. Fire TV Stick ko Xiaomi TV Box S, ko in kana son ƙari kaɗan Google TV Streamer da ya maye gurbin tsohuwar na'urar Google mai suna Chromecast a 2024. Ni na fi karkata ga mai Google TV, don YouTube ne rabin abin da za a kalla, shirye-shiryen Hausa masu dogon zango da wa'azi da tashar Harami kai tsaye. Ƙananan nan ba sa cin wuta, ba za su dami ɗan solar gidan ba idan an ɗauke. Kada kuma maɓallin magana na rimot ya ruɗe ka, manhajojin karɓar umarnin murya irin su Siri da Alexa ba sa jin Hausa. Manhajoji irin su Hulu da Peacock ma ba sa buɗewa a Najeriya.

Ragowar kuɗin ka sa a data ta wata-wata da rawuta mai kyau, wato na'urar raba intanet a gida, a ajiye ta kusa da taga. In kayan sun iso ni zan je in haɗa, in rage ingancin hoto zuwa 720p, in jera mata tashoshinta a gaba yadda ba sai ta kira kowa ba. Ka sako adafta, filoginku mai ƙafa biyu ne, namu uku.

Hajiya ta ce in tambaye ka ko za ku zo da Babbar Sallah. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka