A auna amfilifaya kafin a yabi muryarta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in tsoma baki a gardamar masu sayen amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da sifika masu tsada: awon na'ura za a bi ko jin kunne? Sana'ata haɗa sauti a masallatai da wuraren walima a nan Sakkwato, kuma ni ina bayan awo.

Kunne yana da saurin ruɗuwa. A kunna maka amfilifaya biyu, a ɗaga muryar ɗaya ko da desibel 1 ne (desibel ma'aunin ƙara ne), ita za ka ce ta fi daɗi. A faɗa maka kuɗinta kuwa, magana ta ƙare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwalin da aka zabga wa wat (ma'aunin ƙarfin lantarki) dubbai na PMPO, wato ƙololuwar ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido. Wannan lamba ta talla ce kawai. Ta gaskiya ita ce RMS, wato awon ƙarfi mai ɗorewa, a kan om 8 ko 4 (om ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki ne), domin ita ke nuna ƙarfin da na'ura za ta riƙe ba tare da murya ta dagule ba, balle a watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40.

Kunne yana da ranarsa, amma bayan an ɗaura kaya. Takardar kamfani ba ta san amsa-kuwwar masallaci mai tayil da ƙubba ba. Nan sai in tambayi dattijon sahun baya ko yana rarrabe sin da sadi a karatun liman.

Ina roƙon kwamitocin masallatai, in za su gwada kaya a shago, a daidaita ƙarar, a rufe sunan kamfani, sannan a saurara.

Naka,
Mai haɗa sauti, Mabera, Sakkwato.