Masu cewa a ajiye bindiga a mota, ku ji ta bakin wanda zargina suka taɓa kwantarwa

Malam Edita assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya ƙoƙari. Ni direba ne daga nan Garwa a arewacin Kamaru, shekara ashirin da wani abu ina riƙe da sitiyari, da karen mota na fara a layin Marwa zuwa Kusiri kafin maigidana Allah ya jiƙansa ya miƙo min makulli, yanzu kuma ina jigilar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Garwa da Ngaundere da Tuboro. Don Allah ka bani ɗan fili in tofa albarkacin bakina akan wata magana da ta cika mana tasha da guruf ɗinmu na WhatsApp, wai kowane mai mota ya nemi bindiga ya cusa ƙarƙashin kujera saboda masu tare hanya, waɗanda muke kira zargina, da masu ƙwacen mota.

Yaran ne suka fi zaƙewa. Kullum sai an turo bidiyo daga Amurka, mutum yana shan mai a gidan mai wani yaro ya zo zai ƙwace masa mota shi kuma ya zaro 'yar bindigarsa yaron ya ranta a na kare, sai kaga an rubuta a ƙasa wai ka gani ko, haka maza suke yi. Toh ni dai ba a waya na ga abin ba.

Shekarun baya muna dawowa daga kasuwar Mbaibum da yamma, mota huɗu a jere ni ne na biyu, akwai wani kwari da hanya ke gangarawa ta karya kwana wanda dole ka sauko giya ta biyu ko ka ƙi ko ka so, muna shiga sai ga gungumen itace an gicciye, kafin na gaba ya gama taka birki harbi ya tashi ta dama da hagu lokaci ɗaya. Wallahi Malam Edita ban ga fuskar kowa ba sai da aka buɗe ƙofata aka finciko ni. Sun kai goma, wasu da rawani wasu da kakin soja na gwanjo, kusan kowa da kalash, wato bindigar AK-47. Aka kwantar da mu rub da ciki akan ƙasa mai zafi maza gefe mata gefe, kuma abin da har gobe yake tsaya min a rai, sunan wani dillalin shanu suka kira, suka faɗa masa shanu nawa ya sayar ranar, suka ce ya kawo kuɗin kar ya ɓata musu lokaci. Kenan tun daga kasuwa da su muke tafe.

A motata akwai wani Alhaji da ke da ƙaramar bindiga cikin jakar hannu, da takardarta fa, ba ta sata bace. Jakar tana kan cinyarsa lokacin da aka fara harbi amma ko zif ɗin bai samu ya buɗe ba, kuma ni ban ga laifinsa ba don duk wanda ya ji ƙarar kalash a kusa da kunnensa ya san hannu ma ƙin bin umarni yake. Da suka zazzage jakar suka ganta, duk cikinmu babu wanda ya sha duka kamarsa, suna dukansa da gindin bindiga suna tambayarsa wa ka zo kashewa, har suka karya masa hannu. Suka tafi da kuɗin, suka tafi da bindigar da harsashinta. An saye ta ne don zargina, ta koma hannun zargina, Allah kaɗai ya san mutum nawa aka tsorata da ita bayan nan.

Masu wannan shawara inaga basu taɓa lissafa yadda direba yake zaune ba. Hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a giya, ƙafa a kuloc, ido a rami, bayanka mutum goma sha takwas harda goyo. Su kuma su suka zaɓi wurin, su suka zaɓi lokacin, suna kwance cikin ciyawa suna ganinka kai baka ganinsu, kuma direba shi ake fara saitawa don in ya faɗi mota ta tsaya. Gidan harsashin kalash ɗaya talatin yake ci, ƙofar Hiace ko Hilux kuwa a wajensa kamar gwangwanin madara ce. Ka harba ɗaya cikin daji ba tare da kaga kowa ba, su goma su buɗe wa motar wuta, wa zai mutu? Matar da ta biya kuɗin mota zata je suna a Tuboro, wadda ba a yi shawara da ita ba.

Akwai wani bidiyo da shima ake yawan turowa, na Afirka ta Kudu a 2021, wajen Pretoria, inda 'yan fashi suka buɗe wa wata motar kamfanin tsaro wuta direban ya tsira da su. Ku sake kallonsa da kyau. Gilashin motar harsashi baya huda shi, mutumin tsohon ɗan sanda ne mai horo, kuma duk tsawon gudun nan tuƙi yake ba harbi ba, bindigar tana hannun yaron da ke gefensa. Sitiyari da gilashi suka cece shi. Mu wanne muke da shi, gilashin da aka liƙe da salatef?

Sai maganar hukuma, wadda ita yaran basa son ji. Kamaru ba Amurka bace da tsarin mulkinsu ya basu damar riƙe makami. Mu nan akwai dokar makamai ta watan Disamba 2016, bindigar kare kai sai da izini daga ma'aikatar harkokin cikin gida, sai an binciki halinka, kuma kowa ya san takardar nan ba irinmu ake ba, sai manyan 'yan kasuwa da masu dogon hannu a Yawunde. A watan Afrilu 2018 ma minista Paul Atanga Nji ya hana sayar da bindiga da harsashi a jihohi shida harda Adamawa, wato Ngaundere da nake zuwa kowane sati. Toh in babu ta halal wacce za a saya? Ta bayan fage, wadda ta tsallako daga Cadi ko Afirka ta Tsakiya, wadda baka san ran wa aka ɗauka da ita ba kafin ta iso hannunka. Yanzu ka ɗauko wannan ka bi da ita ta shingen jandarma da na polis da na duwan wato kwastan da na masu gandun daji, tsakanin Garwa da Ngaundere kawai sau nawa ake tsayar da mu ana ɗaga kujera? Ballantana ka wuce Mora ka nufi Waza da Dabanga, inda aka sace Faransawan nan bakwai 'yan gida ɗaya a Fabrairun 2013, aka kwashe 'yan Cana goma a Waza a 2014. Tun da aka yi dokar ta'addanci a ƙarshen 2014, ace an kama Bahaushe ko Babarbare da gemunsa da bindiga ƙarƙashin kujera a wannan hanya, wa zai tsaya sauraron cewa ta kare kai ce? Kotun soja kenan, kuma kafin a gane kai ba ɗan Boko Haram bane yaranka sun manta kamanninka.

Wani abokin aikina ya kawo min hadisin nan na wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Hadisi ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, ni ba malami bane bazan yi jayayya da shi ba. Abin da nace masa kawai, dukiyarka aka ce da ranka, su fasinjan da ka ɗauko amana fa? In kai kaɗai ne cikin motarka kaje ka tambayi malamai, amma in da ran mutane a bayanka shahadar ba taka bace kai ɗaya da zaka yanke musu.

Kar a ce ina cewa a naɗe hannu. Mu da muka ga shekarun 1990 mun san lokacin da in zaka Kusiri sai ka yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Abin bai lafa don direbobi sun sayi bindiga ba. An turo jandarmomi na musamman Marwa a 1998 waɗanda ake kira anti-gang, aka kafa rundunar soja ta musamman da ta zama BIR a 2001, suka shiga dajin suka bi su har maɓoyarsu, duk da cewa tsofaffin Marwa zasu faɗa maka an haɗa da waɗanda basu ji ba basu gani ba a wancan lokacin, wannan ma gaskiya ne kuma bai kamata a manta ba. Na biyu wanda mutane basa lura da shi, kuɗi ya daina bin mota. Da kamfanin tura kuɗi na Express Union ya bazu, daga baya Orange Money da MoMo suka zo, dillali ya sayar da shanunsa a Adumri ko Bogo ya zuba kuɗin a waya ya hau mota da goro kawai a aljihu, ɗan fashi ya tare hanya ya tashi da wayoyi da 'yan canji. Shi yasa da yawansu suka bar kwalta suka koma satar mutane a rugage, suna ɗauke 'ya'yan Mbororo a Mayo-Rey da Adamawa da can Mayo-Kebbi ta Cadi suna neman fansa. Wannan bala'in shi ke cin mutanenmu yanzu, kuma da dare ake bin mutum har gida, bindigar cikin mota bata da abin da zata yi masa.

Abin da ya fi bani tsoro ma ba zargina bane, mu ne. Ni na san zuciyar direba. A tasha akan lodi ɗaya ana zaro jak da sifana, akan an goga maka fenti a kasuwar Pitowa ranar Lahadi ana cin kwala, toh a ce kowa da bindiga a ƙarƙashin kujera? Mun ga abin da ya faru a Logon-Birni a 2021, rigimar ruwa da shanu tsakanin Larabawa Shuwa da Musgum, da makami ya shigo ciki kafin Disamba ta ƙare wuta ta kai Kusiri an ƙona kasuwar shanu, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Njamena. Maƙwabtan juna ne fa, kasuwa ɗaya suke ci.

In da gaske ana son a taimake mu, a gama mana hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, kilomita ɗari biyu da 'yan kai amma shekara nawa ana ta magana, rami shi ne babban yaron ɗan fashi don shi ke tsayar masa da mota kyauta. A mayar da wasu shingayen daga bakin gari inda ake karɓar ɗari biyar-biyar zuwa kwarurrukan da kowa ya san nan ake tarewa. A sa eriyar waya a dajin da babu rezo. Mu kuma shugabannin tasha su san su waye ke zaune a benci daga safe zuwa yamma basa lodi basa tafiya sai latsa waya. Masu Hilux da ke tsoron a ƙwace musu a ƙofar gida cikin gari, akwai 'yar na'urar nan da ake ɓoyewa a mota tana nuna inda take a wayarka, wasu ma ana kashe injin da ita daga nesa, kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin bindiga ba kuma ba mai kai ka kotun soja akanta.

Ɗan ƙanena da na koya wa mota ya zo satin da ya wuce wai in ranta masa kuɗi an yi masa tayin wata a wajen iyaka. Nace ya zauna, na bashi labarin Alhajin nan, wanda har ya rasu hannun bai miƙe daidai ba. Ya yi shiru, ban sani ba ko ya ji ko kunya ta kawai ya ji. Shi yasa na rubuto, don Allah Malam Edita a buga kafin kasuwar ragunan Layya ta buɗe, lokacin ne kuɗi ke yawo a hanya kuma lokacin ne masu tallan irin wannan kaya suke zagayo tasha.

Naka,
wani direba daga Garwa