Jami'armu ta fara da rajista kafin ta aza tubali

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in miƙa kira ga shugabannin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi, wadda aka kafa a 2010. Burina shi ne adana kayan gadonmu ya samu gurbi a tsarin jami'ar na shekaru masu zuwa. Amma idan aka ce gidan adana kayan tarihi, nan da nan hankalin mutane sai ya tafi ga gini da madubai. Ni a ganina ba nan za a fara ba.

Garin nan na da abin ajiyewa. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka ƙaura arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari, aka hau tudu. Abin da ya tsira, sulke da lifidi da takubba da tambura da littattafan ajami cikin gafaka, yana warwatse a gidajen mutane, gara na ci, yoyon damina na ruɓarwa, dillalai na zagaye.

Saboda haka aikin farko rajista ce. Kowane abu a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan da masu shi ke kiransa, wanda ya ƙera shi, gidan da ya fito, da kirarinsa idan yana da shi. Sannan a zauna da dattijon gidan a naɗi muryarsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, baduku ne. Da ya taɓa fata zai gaya maka ko ta jar akuyar Maraɗi ce, ko majemi ya ba ta bagaruwa yadda ya kamata, ko jan da ke jikinta na karan dafi ne. Wuƙaƙensa da basillarsa suna nan a akwatina, amma rabinsu ban san aikin da kowacce ke yi ba, ƴaƴana kuwa ko sunayensu ba su sani ba. Gini zai iya jiran kuɗi. Tsohon da ya kai tamanin ba zai jira ba.

Rajista kuma ita ce makamin yaƙi da sata. An gano mutum-mutumin yumɓu na Bura, yamma da kogin Neja, a 1975, masanin tarihi Boubé Gado ya tone wurin a ilmance a 1983. Da sunansu ya fita duniya sai masu haƙan ɓoye suka afka wa yankin, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Muna da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 da ke kare kayan gado, amma abin da ba shi da hoto ba shi da lamba, da wace hujja za ka nemi a maido maka shi daga Turai?

Sai batun amana, kuma nan ne nake ganin za a fi shan wuya. Babu Bamaraɗen da zai ɗauki takobin kakansa ya miƙa wa hukuma haka kawai, kuma ban ga laifinsa ba. A yi takardar ajiya, da boko da ajami, mai cewa kayan na mai su ne, jami'a riƙo take yi, in hawan Sallah ya zo ya karɓa ya yi ado ya maido. Wanda bai yarda kayan su bar gida ba, a rubuta su a inda suke. Kayan bori da na Anna, masu bin addinin gargajiya, su ma tarihinmu ne. Ni Musulmi ne, na san wasu malamanmu za su ɗaga gira, amma ajiye abu don nazari ba bauta masa ba ne. A dai tambayi masu shi abin da ya halatta a nuna da wanda ba a nunawa.

Sauran ba su da wuyar faɗi: ɗaki busasshe, ma'aji guda da ya koyi aikin, da kaso tsayayye a kasafin kuɗin kowace shekara, kada a rataya komai ga tallafin waje. Ba sai an je nesa neman horo ba. Gidan tarihi na Boubou Hama yana Yamai tun 1959, cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni ta daɗe tana kula da rubuce-rubucen Larabci da ajami, a Kaduna kuma ga Arewa House a hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Bayanin da za a liƙa jikin kaya kuwa ya fara da Hausa, tunda tun 2025 ita ce harshen ƙasa, Faransanci ya biyo.

Ina roƙon shugaban jami'a ya gana da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri da ta Tasawa, a nemi izninsu, domin idan babban hutu ya zo a tura ɗalibai unguwa-unguwa da littafin rajista da waya mai ɗaukar hoto da murya.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Maraɗi.